Labarin Waliyyai Ba Ya Yanke Hukunci

Akwai wata tsohuwar mas'ala a cikin ɗarikar Katolika: mutumin da ya ba da gaskiya, ya ƙuduri niyyar karɓar baftisma, ajali ya riske shi kafin ruwa ya taɓa shi, ina makomarsa? Malamansu sun ce niyyar ta isar masa, suna kiranta baftismar niyya. Wasu tsiraru suka ce sam, sai da ruwa. Ko wane ɓangare kuwa yana da labarin waliyyin da yake kafa hujja da shi.

Masu yarda sukan kawo Ambrose, Bishof na Milan. Da Sarki Valentinian na Biyu ya rasu cikin 392 ba a yi masa baftisma ba, Ambrose ya yi wa 'yan'uwansa mata ta'aziyya da cewa tun da ya roƙa, ya sami alherin abin da ya roƙa. Masu musu kuma sukan kawo Martin na Tours, wanda aka ce ya ta da wani almajiri daga mutuwa, sa'an nan aka yi masa baftisma. Suka ce da niyya ta wadatar, da ba a komo da shi ba.

To, sai a duba tushen ko wanne. Maganar Ambrose fata ce da fahimtar malami, bai ce ya leƙa lahira ba. Labarin Martin kuwa Sulpicius Severus ya rubuta shi shekaru da dama bayan aukuwar abin, shi kuma jiyau ne ba ganau ba. Ko da labarin ya tabbata, abin da ya sami mutum guda ba ya zama doka a kan kowa.

Saboda haka ita kanta majami'ar ba ta jingina hukuncinta ga irin waɗannan labarai ba. Majalisar Trent, cikin 1547, ta ambaci baftisma ko marmarinta. Da Fada Leonard Feeney na Boston a Amurka ya tsananta, Ruma ta aika da wasiƙar ƙin ra'ayinsa cikin 1949, aka kuma fid da shi daga tarayya cikin 1953 saboda ƙin biyayya.

Iyalin da aka yi wa irin wannan rashi sun cancanci amsa mai tushe. Labari yana sanyaya zuciya, amma kafin a yanke wa mamaci hukunci da shi, a tambayi wanda ya faɗa, da yaushe, da inda ya jiyo.