Bayan An Dasa Ƙoda



Nan cikin birnin Zazzau, daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, mun saba jin sanarwa bayan sallar Juma'a: ƙodar wani bawan Allah ta gaza, ana yi masa wankin ƙoda a asibitin Shika, ana neman kuɗin dashe. Kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa. In aka yi aikin lafiya, sai a yi hamdala a watse. Alhali kuwa a lokacin ne majinyacin ya fi bukatar mu.

Karnuka ne suka fara nuna wa likitoci dalilin haka. A 1902, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Emerich Ullmann ya cire ƙodar kare ya dasa masa ita a wuya, ta kuwa fitar da fitsari. Masu binciken da suka biyo baya suka lura cewa in ƙodar karen ce da kansa, takan zauna. In ta wani kare ce, 'yan kwanaki kaɗan sai ta mutu. Da aka yanka naman aka duba a madubin likita, sai ga ta ta kumbura, fararen ƙwayoyin jini sun yi mata dafifi, siraran bututun da ke tace fitsari sun lalace, jijiyoyin jini sun toshe. Jiki ya gane ba tasa ba ce, ya tasar mata. In faɗan ya ja lokaci, tsokar kan koma tabo mai tauri, tabo kuwa ba ya tace komai.

Shi ya sa dashen da Joseph Murray ya yi a Boston ta Amurka a 1954 ya ɗore: tsakanin tagwaye aka yi, masu kama ɗaya. Sauran mutane sai da aka samo maganin lallashin garkuwar jiki, wanda shi ma a jikin karnuka Roy Calne ya gwada shi a 1960.

Tun 2002 ake dashen ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Amma maganin nan kullum ake shan sa, muddin ƙodar na jiki, ga tsada, ga gwajin jini a kai a kai. Wanda aljihunsa ya sa ya tsallake allurai ko ƙwayoyi, abin da aka gani a jikin karnukan nan ne zai soma faruwa a cikinsa, sau da yawa ba tare da ya ji ciwo ba. Ƙodar kuma ta ƙaninsa ce, ko ta mahaifiyarsa.

Don haka, 'yan kwamitin masallaci da masu unguwanni, in za ku buɗe asusun dashe, ku zauna da likita ya faɗa muku kuɗin maganin kowane wata, ku rubuta sunayen waɗanda za su ɗauki nauyinsa tun kafin a kama hanyar Kano.