SANA'A DA KAYAN AIKI: Idan demarer ya ƙi kamawa

Tarakta ba ta da yawa a ƙasar Gure, domin ƙasa ce ta rairayi wadda hauya ta fi garma amfani a gonakinta. 'Yan kaɗan da ke akwai galibi tsofaffi ne, irin su Massey Ferguson 135 da aka ƙera tsakanin 1964 da 1975, kuma dako ya fi noma yawa a aikinsu: tubali, gero, da kanwar da ake fitarwa daga kwaruruwa zuwa bakin hanyar Damagaram da Difa. Ranar da ɗaya ta ƙi tashi, attajiri ya rasa kasuwa, direba da 'yan lodi su koma gida hannu rabbana.

Mai ita yakan yi saurin yanke hukunci cewa demarer ya mutu, sai a aika kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Alhali tun karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994 'yan kasuwa suka san ɗacin sayen kayan waje. Sau da yawa demarer ɗin lafiyarsa lau, kunne kawai ake bukata.

A kunna fitilu, sannan a murɗa makulli. In aka ji "ƙas" sau ɗaya, fitilu suka dushe, laifin na batiri ne ko na kawunansa. Cikakken batiri yana nuna volt 12,6. Zafin bazara yana shanye ruwansa, kuma a nan ne yaran mota ke yin aika-aika, su cika shi da ruwan rijiya. Ruwan kwaruruwan Gure kuwa akwai mai kanwa, ita kanwa tana kashe kaifin asid, batirin ya mutu a tsaye. Ruwan batiri tatacce kaɗai ya dace. A kankare farin garin da ke taruwa a kawunan, a duba wayar da ke ɗaure a jikin tarakta, domin tsatsa a gindinta takan hana wuta wucewa.

In fitilu ba su dushe ba, kuma ba a ji motsin kome ba, a dubi ƙaramar sandar giya. A wannan samfurin, sai an tsaida ita a kan harafin S wuta take isa demarer. An sha kwance na'ura lafiyayya saboda rashin sanin wannan.

Matsalar da ta fi shafar Gure ita ce ta uku: demarer yana juyawa da ƙara, amma inji bai motsa ba. A bakinsa akwai ɗan ƙarfe mai haƙora wanda ke zamewa gaba ya cafki haƙoran babban faifan inji. Yaron gareji, da kyakkyawar niyya, yakan lafta masa man shafawa. Hunturu ya zo da ƙura, ta haɗu da man, su zama kamar ƙullun tuwo, ƙarfen ya maƙale a hanya. Magani shi ne a cire wayar batiri, a kwance demarer, a wanke wurin da isansi, a bar shi ya bushe, a maida shi ba tare da maiƙo ba. Kuɗin aikin bai kai na motar zuwa Damagaram ba.

Idan kuwa gurzar ƙarfe ake ji, haƙoran faifan ne suka cinye. Inji mai silinda uku yakan tsaya a wurare uku, can ne haƙoran ke fara lalacewa. Juya inji kaɗan da hannu yana fid da mutum kunya na ɗan lokaci, amma canza faifan sai an raba tarakta biyu, aikin babban makaniki ne.

Saura dabarar da direbobi ke taƙama da ita, wato haɗa bakin wayoyin demarer da turnabis. Wannan yana tsallake makarin harafin S ɗungum. Mai yin haka a tsaye yake daidai gaban babbar tayar baya, kuma in tarakta tana cikin giya, da inji ya kama za ta taka shi tun bai ɗaga kai ba. Makanikin da zai yi wannan gwaji ya fara tsaida sanduna biyun a tsakiya, ya sa duwatsu gaba da bayan taya, wani kuma ya zauna bisa kujera ƙafarsa a kan birki.