H61 ba ta mutu ba, amma a daina saida muna ita da sunan sabuwa

Duk wanda ya shiga sakatariyar da ake buga takardu a bakin titi, ko ɗakin montaji na ƙaramin gidan rediyo, ko biron daraktan wani kolej a Maraɗi, Damagaram ko Tahoua, zai tarar da baƙin akwatin nan na ordinatar a ƙarƙashin tebur. Da yawansu in ka buɗe ka duba babban allon da ke ciki, wanda masu gyara ke kira kart mer, za ka iske H61 ce ke aiki. Ƙaramin guntu ne na kamfanin Intel da ke haɗa prosesar, wato ƙwaƙwalwar injin, da sauran kaya: disk, bakunan USB da makamantansu. A 2011 ya fito, an yi shi don injunan biro masu arha irin su Dell OptiPlex 390 da 3010. Turawa sun gama morarsu, an zubo muna su a kontena.

Mu ba mu raina ta ba. Da ita muke yanka murya, da ita ake buga takardar neman aiki da sakamakon ɗalibai. Injin da ke da Core i5-2400 da ram jiga 8 yana ɗaukar Word, Excel da Audacity ba tare da kuka ba. Abin da ke sa ta nauyi galibi tsohon disk dur ne mai juyawa. A cire shi a sa SSD, sai ka rantse wani injin ne aka kawo. Gaskiya ne hanyar SATA ta H61 tsohuwa ce, ba ta wuce wajen mega 300 a dakika, SSD ba zai nuna duk gudunsa ba. To amma ko hakan ya ninka abin da disk dur ke bayarwa, kuma mai buga takardar haihuwa ba tseren doki yake ba.

Inda gizo ke saƙa wajen ciniki ne. Mai saidawa zai ce maka "ai Core i5 ce, Alhaji", ya yi shiru a nan. Sunan i5 kaɗai bai faɗi komi ba, don Intel ya kwashe sama da shekara goma yana fitar da i5. Lambar da ke biye ita ke faɗin shekarun abin: 2400 zubi na biyu ke nan, na 2011, 3470 zubi na uku, na 2012. H61 daga waɗannan biyun ba ta ɗaukar wani. Har akwai kart mer ɗin H61 da ake shigowa da su daga Sin cikin kwali, fes da su, wasu ma da wurin sa ƙaramin SSD na zamani. Kwalin sabo ne, allon ma sabo ne, amma fasahar ta 2011 ce, kuma prosesar da za a ɗora mata na hannu ne. Wanda ya biya kuɗɗin sabuwa a nan an ci da guminsa.

Sai kuma zancen Windows. Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 yadda ya saba, in ban da ƙarin wa'adin tsaro na shekara guda ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuwa na neman prosesar daga zubi na takwas zuwa sama, da wani makullin tsaro mai suna TPM 2.0. H61 ba ta cikin wannan sahu. Eh, yaranmu masu gyara sun iya dabarar cusa mata Windows 11, kuma tana tashi. Amma kamfanin da kansa ya ce bai yi alkawarin gyaran tsaro ga irin wannan injin ba. Saboda haka ganin Windows 11 a fuskar ekran ba shaida ba ce cewa injin na bana ne, kuma abin takaici da wannan ake rufe idon mai saye.

Ra'ayinmu a nan shi ne a raba aiki. Injin da ke montaji ko buga takardu, wanda bai shiga intanet, a bar shi da Windows ɗinsa, a dai kiyaye kile USB da kowa ke zuwa da tasa yana soka masa, don ta nan cuta ke shiga. Wanda ake buɗe imel da shi, ko ake aje sunayen ɗalibai da lissafin kuɗɗi a ciki, a sa masa Linux Mint ko Ubuntu. Kyauta ne, akwai su da Faransanci, kuma suna samun gyaran tsaro. Za a ɗan yi gunaguni satin farko don LibreOffice ba Word ba ne sak, daga baya hannu ya saba.

Abin da ke kashe waɗannan injuna a ƙasarmu ma ba tsufa ba ne, ƙurar hunturu ce da zafin Afrilu da yankewar kuran. A hure ƙura, a sake man da ke tsakanin prosesar da fanka, a sauya ƴar pil ɗin nan CR2032 in agogo ya fara ɓata kwanan wata, a nemi ondular in da hali.

Ga iyayen yara da ƴan kwamitin lakkol da ke tara jikka-jikka don sayen ordinatar, da masu gidajen rediyon karkara: in kuɗɗinku na H61 ne, ku saye ta da saninku, a farashinta. In kuwa ana so injin ya ɗauki Windows 11 da gaskiya, a nemi lambar da ta fara da 8 ko sama, kamar i5-8500. Kuma kafin a biya, a sa mai kanti ya kunna injin, a karanta cikakkar lambar prosesar a ekran, ya rubuta ta a kan faktir da hannunsa.