Kalori 400 kafin a tashi daga barci: Daga ina agogon zamani ke samo wannan adadi?

Agogunan hannu masu ƙirga taku sun cika kasuwannin waya, daga na Apple da Fitbit masu tsada har zuwa masu araha da ɗalibi zai iya saya. Duk wanda ya saba ɗaura irinsu zai lura da wani abu: tun da asuba, kafin ya sauko daga gado, agogon ya riga ya rubuta masa cewa ya ƙona kalori 300 ko 400.

Wasu kan ɗauka agogon ya lalace ne. Lafiyarsa ƙalau. Jiki ba ya daina aiki don mutum ya kwanta: zuciya na bugawa, huhu na shaƙar iska, ƙoda na tace jini, ƙwaƙwalwa ita kaɗai tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarin da ake ƙonawa a lokacin hutu. Ga wanda ba ya aikin ƙarfi, wannan aiki na ɓoye shi ne kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na duk abin da yake ƙonawa a yini.

Sai dai agogon ba auna wannan adadi yake yi ba, lissafa shi yake yi.

Idan ana son aunawa ta haƙiƙa, sai mutum ya kwana bai ci komai ba, a kwantar da shi a ɗakin gwaji, a rufa masa wata na'ura a fuska da za ta auna iskar oksijin da yake shaƙa da wadda yake fitarwa. Abin da ke ɗaure a wuyan hannu ba ya iya wannan. Abin da yake da shi kawai shi ne bayanan da mai shi ya shigar ranar da ya haɗa shi da waya: shekaru, tsayi, nauyi, da ko namiji ne ko mace.

Lissafin ma ba sabo ba ne. Masana biyu a Amurka, Harris da Benedict, sun fitar da shi a 1919 bayan sun auna mutum 239. A 1990 aka samu wani da ake kira Mifflin-St Jeor, wanda masana abinci suka fi amincewa da shi a yau. A ƙarƙashinsa, namiji mai shekara 35, nauyin kilo 70 da tsayin santimita 170 zai samu kusan kalori 1,590 a yini. Mace mai irin wannan jiki, kusan 1,430. Agogon sai ya rarraba jimillar a kan sa'o'i 24, wato kimanin 66 duk sa'a ga namijin. Daga sha biyun dare zuwa shidan safe, ga 400 ɗin nan.

Matsalar ita ce lissafi bai san jikin mutum ba. Birkila da ma'aikacin ofis na iya zama shekaru ɗaya, tsayi ɗaya, nauyi ɗaya, amma tsoka ta fi kitse cin kuzari, don haka birkilan zai fi ƙonawa ko da dukkansu suna kwance. Zazzaɓi, juna biyu da cutar maƙoƙo duk suna sauya adadin.

Na'urar auna bugun zuciya da ke bayan agogon ma ba ta cike giɓin. A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada na'urori bakwai a jikin mutum 60. Shida sun auna bugun zuciya da kuskuren da bai kai kashi 5 cikin 100 ba, amma a lissafin kalori mafi kyawunsu ta kauce da kashi 27, mafi muni da kashi 93. Kuskuren ya fi yawa ga masu duhun fata da masu ƙiba, abin da ya kamata mai saye a Kano ko Maraɗi ya sani.

Ga mai son rage ƙiba, ko mai ciwon suga da ke auna cimarsa da abin da agogo ya nuna, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuskuren kashi 10 kacal a kan 1,590 ya kai kusan kalori 160, wato kwalbar lemo guda a kullum. Wanda kuma ya rage kilo biyar bai gyara nauyinsa a manhajar ba, agogon zai ci gaba da ƙara masa kalori 50 duk rana, na jikin da ya riga ya rabu da shi.