Fanel ɗin da aka danne da bulo, ba tsautsayi ne ya tsige shi ba

1/ Maganar nan za ta ɓata wa wasu masu haɗa sola rai, amma sai na faɗa. Daga Birnin Kudu zuwa Gwaram, ɗaga kai ka kalli rufin shaguna: fanel an ɗaure da waya, wani an danne da bulo, wani da tsohuwar taya. Haba jama'a!

2/ Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 janareta ya gagari talaka, kowa ya koma sola. Madalla. Amma sai kowane mai filaya da tsani ya zama "injiniya".

3/ Fanel mai wat 550 ya haura kilo 25, tsawonsa ya wuce mita 2, fuskarsa gilashi ce. Kun san iskar farkon damina a yankinmu, kwano ma yaye shi take. Ta shiga ƙarƙashin fanel, ya faɗo kan yaro a lungu, sai a ce ƙaddara. Wallahi ganganci ne.

4/ Kwano ba ya riƙe fanel, katakon da ke ƙarƙashinsa ne ke riƙewa. A kafa ƙarfe, a ɗaure da noti har cikin katako. In gara ta ci katakon, a canza shi tukuna. Hudar kwano kuma a kan tudu ake yi, a toshe da roba, in ba haka ba ɗaki ya yi yoyo.

5/ A bar tazara tsakanin fanel da kwano iska ta ratsa, zafi na rage masa ƙarfi. Ya fuskanci kudu, a ɗan karkace kamar digiri 12, ruwa ya riƙa wanke ƙura. A ja waya zuwa ƙasa saboda tsawa.

6/ Masu gida, ku ma da laifinku. Ka kashe dubban ɗaruruwa a batir da inbata, kuɗin ƙarfe kuma ka ce "Malam rage mana". Araha ba ta ado.

7/ Mai hawa rufi, kar ka hau jiƙaƙƙen kwano da silifa. Ɗaura igiya. Kuma muddin akwai rana fanel na ba da wuta, ko an kashe inbata.

8/ Kafin hadari ya haɗo, je ka duba rufin gidanku. In ka ga bulo a kan fanel, kira mai aikin ya dawo ya gyara. Ran maƙwabcinka ba abin gwaji ba ne.