Daga Alƙahira Zuwa Dir'iyya: Me Ƙasashen Musulmi Suke Saye Da Gidan Opera?

A watan Afrilun 2024, a Cibiyar Al'adu ta Sarki Fahad da ke Riyad, aka gabatar da Zarƙa'ul Yamama, wasan da hukumomin Saudiyya suka kira babban opera na farko da ƙasar ta shirya. Ga wanda bai saba da kalmar ba, opera wasan kwaikwayo ne na dandamali wanda ake rera galibin zancensa, makaɗa kuma suna zaune a ƙasan dandamalin suna bin muryoyin 'yan wasa. A Italiya ya tsiro wajen shekarar 1600, a fadojin sarakuna da attajirai, kuma har yau bai rabu da wannan asali ba. Kuɗin shiga kaɗai ba ya riƙe gidan opera, sai gwamnati ko masu hannu da shuni sun sa hannu.

Labarin da aka zaɓa ba baƙo ba ne ga ɗalibin da ya karanta waƙoƙin Jahiliyya. Zarƙa'u mace ce daga ƙabilar Jadis, ana cewa tana hango abu daga nisan tafiyar kwana uku. Ta gargaɗi mutanenta cewa ta ga bishiyoyi suna tahowa, suka ce ta ruɗe, ashe mayaƙan Himyar ne suka ɓuya a bayan rassa. Aka ci garin, aka ƙwaƙule mata idanu. Marubuci ɗan Saudiyya, Saleh Zamanan, shi ya tsara baitocin da Larabci. Amma kiɗan na Lee Bradshaw ne, ɗan Ostireliya. Makaɗan daga birnin Dresden na Jamus aka ɗauko su. Wadda ta fito a matsayin Zarƙa'u kuwa Baturiyar Ingila ce, Sarah Connolly, da ta haddace lafazin Larabcin domin wannan wasa. 'Yan ƙasa kaɗan ne suka hau dandamalin, cikinsu har da Sawsan Albahiti.

Mai karatu zai fara tambayar hukunci, kuma yana da gaskiya. Jumhurun malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa, in ban da ganga mai fuska ɗaya a biki. Ibn Hazm ya halatta su, Imamul Gazali kuma ya ware babi a Ihya'u yana rarrabe sauraro mai kyau da marar kyau. Manyan malaman Saudiyya, irin su Sheikh Ibn Baz, Allah Ya jiƙansa, haramci suka tafi a kai, kuma a kan wannan fatawa aka tarbiyyantar da ɗalibai masu yawa, har da namu da suka yi karatu a Madina. Abin lura shi ne ba wata sabuwar muhawarar ilimi ce ta buɗe wa opera ƙofa ba. Siyasa ce: shirin Hangen 2030 da aka ƙaddamar a 2016, sake buɗe gidajen sinima a 2018, da kafa Ma'aikatar Al'adu a wannan shekarar. Littattafan suna nan yadda suke, umarni ne ya sauya.

Wannan hanya an taɓa bin ta. Khidiwi Isma'il na Masar ya gina gidan opera a Alƙahira cikin kimanin wata shida, mafi yawansa da katako, domin bikin buɗe Mashigin Suwez, aka buɗe shi ranar 1 ga Nuwamban 1869 da Rigoletto na Giuseppe Verdi. Daga nan ya biya Verdi faran dubu 150 ya tsara masa wasa a kan Masar. Shi ne Aida, wanda aka fara nunawa ranar 24 ga Disamban 1871. Bafaranshe mai binciken kayan tarihi, Auguste Mariette, shi ya kawo ƙashin labarin, aka rubuta shi da Italiyanci, aka ɗinka tufafin a Paris, Verdi da kansa ko zuwa Alƙahira bai yi ba. Masar ɗin da aka nuna ta Fir'aunoni ce, babu Azhar a cikinta, babu manomin bakin Nilu da harajinsa ya biya kuɗin. Ana danganta wa Isma'il cewa ƙasarsa ta bar Afirka ta shiga Turai. Turai ce dai ta shigo masa: bashi ya sa ya sayar wa Ingila hannun jarin Masar a Mashigin Suwez a 1875 kan kusan fam miliyan 4, aka tsige shi a 1879, sojojin Ingila suka mamaye ƙasar a 1882.

Zalunci ne a ce opera ce ta karya Masar. Layin dogo, gadoji, fadoji da yaƙin Habasha sun ci abin da ya ninka nata sau da yawa. Amma ita ce tutar wannan tunani, na cewa ana iya sayen matsayi a idon Turawa ta hanyar gina irin ɗakinsu da gayyato mawaƙansu. Gidan ya ƙone ƙurmus a watan Oktoban 1971, kuma a filinsa yanzu bene ne na ajiye motoci. Wanda ya maye gurbinsa a 1988 kyautar Japan ce. Abin da ya zauna a kunnen Misirawa kuwa ba Verdi ba ne, Sayyid Darwish ne, wanda ya ɗauki tsarin wasan waƙa ya zuba masa karin Larabci da bakin 'yan kasuwa da leburori. Karinsa ne taken ƙasar a yau.

Yanzu Maskat tana da nata gidan tun 2011, Dubai tun 2016, Saudiyya kuma tana gina nata a Dir'iyya, mai kujeru kusan 2,000, da niyyar buɗewa a 2028. Wurin da kansa abin tsayawa ne a yi tunani. A Dir'iyya ne Sheikh Muhammad bn Abdulwahhab da Muhammad bn Sa'ud suka ƙulla alkawarinsu a 1744, kuma wanda ya rushe garin a 1818 shi ne Ibrahim Basha, mahaifin Khidiwi Isma'il. Garin da uba ya rusa da igwa, yau ana gina masa irin ɗakin da ɗa ya ƙawata Alƙahira da shi.

Akwai bambanci, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Isma'il da rancen bankunan Turai ya yi gini. Saudiyya da kuɗin mai take yi, ko da yake ita ma kasafinta yana giɓi a 'yan shekarun nan, tana kuma cin bashi. Wannan karon ma mai buƙata yana can ɗaya ɓangaren. A watan Satumban 2025 aka sanar da yarjejeniyar fahimta da Metropolitan Opera na New York, gidan da ya sha taɓa asusun ajiyarsa tun bayan annobar korona, kan ya riƙa zuwa Dir'iyya mako uku a kowace shekara. A ganina wannan bai sauya asalin cinikin ba: kuɗi yana fita, ƙwarewa tana zuwa ziyara ta koma gida. Makaɗi guda yana ɗaukar shekaru goma ko fiye kafin ya iya zama a irin wannan ƙungiya, ƙasar kuwa sai a 'yan shekarun nan ta fara shigar da darasin kiɗa a makarantunta, kuma iyaye da yawa suna nan a kan fatawar da aka karantar da su.