Shinkafar Bakolori: A Ba Mata Kujera a Inda Ake Yanke Magana

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sokoto a 1978, manoman Talata Mafara da Bakura da Maradun sun san abin da ke biyo baya idan aka yanke magana a kan gona ba da mai gona ba. A 1980 'yan sanda sun buɗe wuta a kan manoman da suka tare hanya suna neman diyyar gonakinsu, aka yi asarar rayuka. A 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING domin gyara magudanan ruwan, tare da ƙarfafa ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa. Wannan abin yabo ne. Amma ina matan?

Duk wanda ya san yankin ya san hannun da shinkafa ke bi kafin ta kai kasuwar Talata. Mata ne ke sheƙe ta, su turara, su shanya, su tsince tsakuwa. Aikin wuta da hayaƙi ne, ribarsa kuwa 'yar kaɗan. Da yake gona galibi da sunan maigida take, shi ake kira taro, shi ake ba bashi da taki. Ita kuwa sai ta saya daga dillali da mudu mai zurfi, ta sayar da farashin da aka yanke mata.

Mu a namu ganin, maganar gaskiya a ciniki daga nan take farawa. Matar da ta turara buhu da hannunta ta fi kowa gane shinkafar da aka jiƙa domin ta yi nauyi, ko wadda aka cuɗa da ƙaiƙayi. Idan da ita a kwamitin da ke duba awo, da wuya algus ya wuce.

Saboda haka muna kira ga Hukumar Raya Kogunan Sokoto da Rima da shugabannin manoma su ware wa ƙungiyoyin mata masu turara kujeru masu ƙuri'a, ba na 'yan kallo ba. Zumuntar Mata a ikilisiyoyinmu kuma, da ta saba da adashi da riƙe littafin kuɗi, ta haɗa hannu da maƙwabta Musulmi su sayi sikeli ɗaya na kowa, su kuma riƙa sayen shinkafa a dunƙule lokacin kaka, kafin dillalai su kwashe ta.